Zuwa ga Tsinkayen Cin Abinci na Ƙasar Sin

Masu girma Tsinkaye Biyu,
Ta hannun kowane teburin abinci da ke birnin Gwanzu.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da tambayar lafiyar danginku na gora da na roba da na ƙarfe, ina sanar da ku cewa yanzu ƙarfe uku ne na dare a ɗakin otal ɗina da ke unguwar Xiaobei, kuma babu komai a cikina sai ruwan zafi. A Yamai ƙarfe takwas ne. An fito daga sallar lisha, a layinmu na Bukoki yara sun fara fito da kwanuka ƙofar gida, wani ma ya riga ya ja buta yana wanke hannu. Ni kuwa ga ni zaune ina rubuta wa itace wasiƙa. Ku kuka jawo.

Bari in gabatar da kaina, tunda jiya ba ku ba ni dama ba. Ni yaron Alhaji ne, ko da yake gemuna ya fara fari. Shagonmu yana bakin Katako, muna sayar da fitilu masu aiki da hasken rana da fankoki masu caji, kayan da ba sa kwana a shago in zafin Afrilu ya haɗu da ɗaukewar kuran. Alhaji ne ya turo ni babban baje kolin nan na Pazhou, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, shekara uku kafin Nijar ta samu mulkin kai. Aikin da aka ba ni ɗaya ne, in karya farashi. Na kuwa iya shi, don a Katako na koya, inda ake kwashe rabin yini ana jayayya a kan tsohuwar ƙofa.

Jiya da yamma mai masana'antar da muke ciniki da shi ya gayyace ni cin abinci. Mutumin kirki ne, ba ni da ƙara a kansa. Ya nemo gidan abincin Musulmi don kada in shiga kokwanto. Da na ce ba na shan giya, ya sa aka zuba mini shayi, bai matsa ba. Ya zaunar da ni a kujerar da ke fuskantar ƙofa, wadda tafintana, wani yaro ɗan Damagaram mai karatu a nan, ya ce ta babban baƙo ce. Har kan kifi aka juyo wajena, wai girmamawa. Komai na tafiya daidai sai na hango ku kwance a gefen faranti, ba ma biyu ba, huɗu: biyu na ɗebowa daga kwanon jama'a, biyu na kaiwa baki.

Na yi bisimilla, na nufi wani dunƙulen kifi mulmulalle mai santsi. Na kama shi. Allah shaida ne na kama shi. Ya taso har ya wuce rabin hanya, ina jin ƙamshinsa, sai kuka gitta wa juna ba tare da kun shawarce ni ba. Dunƙulen ya yi tsalle ya dira a kan gilashin nan mai juyawa da ke tsakiyar tebur, daidai lokacin da wani ya murɗa shi zai ɗebi ganye. Haka ya zaga teburin yana gaisawa da jama'a ɗaya bayan ɗaya, mai masana'anta, matarsa, akawunsa, direbansa, sannan ya dawo gabana ya tsaya yana kallona.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da a fadarmu ta Bukoki ne, da an yi ta ƙyaƙyatawa har wani ya ƙware da shayi, a laƙaba mini suna, jibi a manta. Nan kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin shinkafarsa. Na ce to, tsinke dai tsinke ne, mu a wurinmu aikinsa sananne ne, a soka nama a kafa gefen wuta. Na ɗaga ɗayanku zan soke dunƙulen, sai yaron nan ya dafa gwiwata ta ƙarƙashin tebur: "Kawu, ba a sokewa, rashin ladabi ne." Na kafa ku a tsakiyar shinkafa don in huta in yi tunani, ya yi wuf ya zare ku, idonsa waje: "Kawu, haka ake yi wa mamaci!" Ba a sokewa, ba a kafawa, ba a nuna mutum da ku, ba a buga kwano da ku don wai aikin mabarata ne. Fadar Sarkin Damagaram ma ba ta kai ku yawan ƙa'ida ba.

Sai ga ma'aikaciyar gidan da murmushinta, ta ajiye mini wani abu a nannaɗe. Na ce alhamdulillahi, cokali ya iso. Ina buɗewa, ku ne dai, amma ƙanana, an haɗe kawunanku da roba mai siffar dabbar nan fara da baƙi da suke ji da ita, irin waɗanda ake koya wa yaye da su. Ni da na aurar da ƴa! Ni da in na shiga zaman suna ake tashi a ba ni tabarma!

To ku saurara, don a nan ƙarar tawa take. Da rana a rumfar baje koli mutumin nan ya fara laushi. Na taya, ya girgiza kai, na miƙe kamar zan tafi, ya kira ni, ya danna ɗan injin lissafinsa ya nuna mini abin da ya kusa da wanda Alhaji ya rubuta mini a takarda. Saura ƙiris. Bayan cin abinci na koma kan maganar, sai ya yi murmushi mai taushi, ya dafa kafaɗata, ya tsaya a farashinsa na safe ko kwabo bai rage ba. Don me zai rage? Ya zauna ya kalli mutumin da ya zo sayen kwantena guda yana kokawa da dunƙulen kifi ɗaya, dunƙulen kuma ya yi nasara. Wa zai ji tsoron barazanar wanda ya gani da tsinken yara a hannu? Ga yunwa, mai jin yunwa kuwa ba ya iya miƙewa ya yi kamar zai tafi, ƙafarsa ce ke tona masa asiri. Ina zargin ku ba kayan cin abinci ba ne, ma'aikatan masana'anta ne, kuma ana ba ku la'ada.

Kada ku ɗauka ɗan abin da ya ƙi ragewa wasa ne. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, kayanmu da ke sauka Kwatano su shigo ta Gaya suka koma zagayawa ta Lome, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Kuɗin mota ya hau, kwanakin jira sun ƙaru, duk kuma a kan fitila ɗaya ake tara su kafin ta kai hannun mai tuyar ƙosai da ke son ganin kaskonta da asuba. Abin da na rasa a teburin jiya, wata baiwar Allah a Bukoki ce za ta biya shi dala-dala.

Na yi tambaya a kanku, kada ku ce ban yi adalci ba. An ce kun haura shekara 3,000, an tono kakanninku na tagulla a kangon tsohon birnin Anyang, kuma da fari a madafa kuke aiki, kuna tsamo abu daga tukunya mai tafasa. Madalla, wannan aikin mutunci ne, mu ma muna da muciya. Wa ya aike ku falo? An ce don ku ne ake yayyanka komai ƙanana tun a madafa, kada a kawo wuƙa tebur. Na ji. Amma shekara 3,000 ba ta ishe ku ku gano cewa shinkafa ƙwaya-ƙwaya take ba? Har gwamnatinku sai da ta sa wa na katako da ake yarwa bayan ci ɗaya harajin kashi 5 cikin 100 a 2006, saboda dajin da kuke cinyewa. Dajin kuke ci, baƙo kuma ya kwana da yunwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen da ke riƙe da ku. Su suka gina mana filin wasa na Seyni Kountché. Su suka ɗora wa Yamai gada ta biyu a kan kogin Isa a 2011, suka ƙara ta uku bayan shekara goma. Matatar man Damagaram su suka gina ta, bututun da ya taso daga Agadem ya bi kusan kilomita 2,000 har teku su suka shimfiɗa shi. Masu iya kai ɗanyen mai daga Sahara zuwa bakin teku sun kasa kai shinkafa daga kwano zuwa baki sai da dabara?

Ba kuwa don ba su san cokali ba! Nan ne haƙurina ya ƙare, kuma daga nan babu sauran ranku ya daɗe. Ku je Babbar Kasuwar Yamai, ku je Wadata, ku buɗe kayan ɗakin kowace amarya a Bukoki ku juya bayan cokulanta ku karanta inda aka ƙera su. A nan lardin da nake kwance da yunwa akwai garin Jieyang, sana'arsa ke nan, cokula da cokula masu yatsu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kwantena bayan kwantena. Ana loda su a jirgin ruwa a aika mana, har maƙeran Katako da ke narka tsohon alminiyom su zuba ludayi suna kukan kasuwa, amma ba a bar ko ɗaya a gida don baƙo ba. Wanda ake ba ka ɗan guntu ne na tangaran, mai kaurin leɓe, na shan romo, in ka sa shi cikin taliya sai ta sulale ta bar ka da ruwa. Kun sayar mana da cokali, kun riƙe tsinke. Wane irin ciniki ne wannan?

Sauran abubuwan ba zan tsaya a kansu ba. Shayin da muke dafawa sau uku a fada, ya yi kauri ya yi kumfa, daga nan ƙasar yake zuwa, amma a nan ruwa ake ɗauraye shi da shi a ba ka babu sukari, har da shi ake wanke kwanuka kafin a ci. Ka roƙi ruwan sanyi a kalle ka da tausayi. Abincin dare ƙarfe shida, kafin sha ɗaya ciki ya manta an yi. Kilishina yana Yamai, don doka ta hana shigowa da nama. WhatsApp ba ya buɗewa, mai ɗakina na can tana zaton na samu wata. Riɗinmu kuwa na gan shi a barbaɗe a kan kowane faranti, mun gaisa daga nesa, don ba mahaluƙin da zai ɗauki riɗi da ku. Jakunanmu ma da ba don an hana fitar da su a 2016 ba, da na same su a nan sun riga ni sabawa.

Na so in sa hannu. Wallahi na so. Hannun dama, wankakke, da yatsun da Allah ya jera su daidai da loma, masu jin zafin tuwo kafin harshe ya ƙone, masu gano ƙaya a jikin kifi tun ba ta kai maƙogwaro ba. Hannu bai taɓa gitta kansa ya watsa mini ƙasa a ido a gaban abokin ciniki ba. Da shi na ci dambun zogale a tsaye a bakin titi, da shi na ci malku da safe romo na bin gwiwar hannu, ba a taɓa kawo mini na yara ba. Ina naɗe hannun riga sai yaron Damagaram ya dube ni da idon roƙo. Shi zai zauna a garin bayan na tafi, sai na ƙyale don shi. Da na gudu shagon masu taliyar Lanzhou, Musulmi ƴan'uwa masu farar hula, sai na tarar ku kun riga ni, a tsaye cikin gwangwani kuna jirana. Gidan gashin mutanen Xinjiang kaɗai na ga tsinke ya san matsayinsa, nama a jikinsa, yaji a kai. Jiya kafin in isa sun tashi.

Ga buƙatuna. Ku koma madafa inda kuka fito. In ba za ku koma ba, ku sa a riƙa ajiye cokalin ƙarfe guda a gefenku ba sai baƙo ya roƙa da alamar hannu ba. Ku kuma mayar mini da ragin da kuka ci.

Naku, ba da son ransa ba,
Wani ɗan Bukoki mai jiran gari ya waye.

Ƙari, wannan na Alhaji ne in takardar ta kai gare shi. Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na nemi cokali a baje kolin, aka ce kayan madafa sai zango na biyu, yanzu na lantarki da injuna ake yi. Na samu wani dillali a kasuwar gari, ya ce shi ba ya sayar da ɗaya, sai katan. In ka ga katan ɗin cokula a lissafin kwantena, kada ka ɗauka kuskuren akawu ne, kuma guda ɗaya zai iso da alamar an yi amfani da shi.