Cinikin Biri a Sama

Wata rigar gwanjo ce ta ja mini. Na saye ta a kasuwar Mai'adua wata Lahadi saboda sauƙin kuɗinta, shuɗiya, an rubuta Pistons a ƙirji. Da na tambaya aka ce ƙungiyar ƙwallon kwando ce a birnin Detroit na Amurka, sai na ce to ai shi ke nan, mun zama 'yan gida ɗaya. Ashe gidan makoki na shiga. A kakar 2023 zuwa 2024 sau 28 a jere ana lallasa mu, muka ƙare da nasara 14 da faɗuwa 68. Ranar da aka tsayar da jinin ma Toronto muka ci da ƙyar, ƙungiyar da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yake jagoranta a lokacin. Har gobe ina zargin tausayi ne irin na ɗan Arewa.

Gasar NBA, inda Pistons ke bugawa, tana da wata al'ada da 'yan ƙwallon ƙafa ba su sani ba. Wanda ya zo na ƙarshe ba a kora shi ƙaramin rukuni, lallashinsa ake yi. Duk watan Yuni ƙungiyoyi 30 suna zaɓar matasa a zagaye biyu, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke kan gaba, bayan an kaɗa ƙuri'a a watan Mayu. To a nan teburin mai shayinmu na Kongolam, inda waya kan kwana da layin Nijeriya ta tashi da na Nijar, kowa ya zama masani. Yaro yana can bayan teku, bai cika shekara ashirin ba, babu wanda ya taɓa ganin ko inuwarsa, amma ana yanke masa hukunci kafin shayi ya huce.

Wanda ya fi kowa murya shi ne mai bautar tsawo. Tambayarsa ɗaya ce: "Mita nawa?" Idan ka ce biyu da ɗoriya, ya sallama. Ko yaron bai iya riƙe ƙwallo ba, ko gudu yake kamar raƙumi da dabaibayi, cewa zai yi tsawo ba a koyar da shi. Hujjarsa Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da Houston ta ɗauka na ɗaya a 1984. Idan ka tuna masa da wani ɗan Legas ɗin, Michael Olowokandi, mai mita 2.13, wanda Clippers ta ɗauka na ɗaya a 1998 ta bar Dirk Nowitzki da Paul Pierce a kasuwa, sai ya waiwaya ya ce a ƙara masa sukari. Abokin gabarsa wani tela ne da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa idan ya zauna a benci. Shi kuma bai san kowa ba sai Muggsy Bogues, mai mita 1.60 da ya yi kaka 14 a gasar. Kullum ɗaya yana cewa dogo da hankali dace ne, ɗayan yana cewa a ɗaga murya, ba ya jin maganar da ke fitowa daga ƙasa.

Ni dai wanda nake girmamawa shi ne tsohon dillalin kara. Bai san dokar wasan ba, bai kuma damu ya sani ba. Shekara da shekaru yana cinikin shanun da ake korowa daga Damagaram, kuma a wurinsa ɗan wasa da maraƙi duk abu ɗaya ne. Yakan karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, ya ce, "Yaro, mayar mini baya." Ƙwallon ba ta gabansa. Saukar yaron yake kallo bayan tsalle: wace ƙafa ya fara dirawa, wacce yake ɓoyewa. Sai ya miƙo wayar ya ce, "Albarka. Wannan yana da ciwo a gwiwar hagu, mai shi ya sani, shi ya sa ya yi masa wanka." Wata rana na ba shi labarin Portland, wadda ta ɗauki Sam Bowie na biyu a 1984 ta bar Michael Jordan, ƙafa ta hana Bowie sakat, ta sake ɗaukar Greg Oden na ɗaya a 2007 ta bar Kevin Durant, gwiwa ta hana Oden buga ko wasa ɗaya a kakarsa ta farko. Tsohon ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce, "Sau biyu? Ba su da dillali a garin nan?" Abin da ke ba shi haushi kawai shi ne ba a buɗe bakin yaran a duba haƙora. Na ce masa ai akwai taron da ake yi a Chicago, a auna tsawo da faɗin hannu da tsalle, likitoci su duba ƙashi. Ya ce to ashe suna da kara, la'ada nawa ake ba su?

Akwai ɗan makaranta mai alƙaluma, wanda ya dawo hutu daga Katsina da littafi cike da kaso cikin ɗari. Ba ya kallon wasa, ya ce ido maƙaryaci ne. Zai gaya maka yawan jifan da yaro ya jefa daga nesa da yawan wanda ya shiga, amma ka nuna masa hoton yaron ba zai gane shi ba. Kusa da shi mai cajin waya, wanda iliminsa duka daga bidiyon minti biyu yake, inda ba a taɓa nuna jifan da ya kuskure. A wurinsa kowane yaro Jordan ne har sai data ta ƙare.

Sai ɗan kishin ƙasa. Shi sunaye yake bi da yatsa, da zarar ya ga wanda ya fara da O ya ce namu ne, a ɗauka. Shekarar 2020 ta kusa kashe shi da murna: Isaac Okoro na biyar, Onyeka Okongwu na shida, ga Precious Achiuwa ɗan Fatakwal na 20, ga Udoka Azubuike na 27. Da aka ce masa iyayen Giannis Antetokounmpo 'yan Nijeriya ne duk da Girka yake bugawa, sai ya ce dama ya ga alama a tafiyarsa. Amma ka tambaye shi ko ya taɓa zuwa Kano ya kalli 'yan kwandon Kano Pillars, waɗanda suka sha ɗaukar kofin ƙasar nan, sai ya ce au, Pillars suna kwando ma?

Mafi ban tsoro shi ne mai fatan faɗuwa, kuma kunya ba za ta hana ni faɗa ba, na taɓa zama almajirinsa. Lissafinsa shi ne tunda na baya ke fara zaɓe, to a yi ta faɗuwa. Ƙarfe ɗaya na dare za ka gan shi ya tashi, ba don nafila ba, yana roƙon a ci ƙungiyarsa. Idan muka yi nasara sai ya wuni yana tsaki. Abin da bai karanta ba shi ne a lokacin, bisa dokar 2019, ƙungiyoyi uku na ƙarshe kaso 14 cikin ɗari kacal kowacce take da shi na samun zaɓin farko. A 2023 mu ne na ƙarshe, ƙuri'a ta jefa mu na biyar, San Antonio ta tafi da Victor Wembanyama. A 2024 mu ne dai na ƙarshe, muka sake faɗowa na biyar, Atlanta mai kaso 3 ta wuce gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da safe na same shi ya tasa shayi a gaba bai sha ba, na ce, "Malam, ya haƙuri?" Ya ce baɗi ma ai akwai yara masu kyau.

Wanda ba a taɓa kamawa da kuskure ba shi ne Alhaji "ai na faɗa". Ranar zaɓe ba ya cewa uffan, carbi kawai yake ja. Sai bayan shekara biyar, idan yaro ya zama gwarzo, ya gyara hula ya ce, "Ai na faɗa muku." Har Nikola Jokić ya ce shi ya fara hangowa, mutumin da Denver ta ɗauka na 41 a 2014 lokacin da talabijin ke nuna tallan abinci, ƙungiyoyi suka yi ta wuce shi, daga baya ya zama gwarzon gasar sau uku. A 2014 kuwa Alhajin ko wayar shafa ba shi da ita, mai shayi shaida ne. Mun taɓa shawarar a sayi littafi a riƙa rubuta maganar kowa da kwanan wata. Shi ya fara tashi, ya ce rubuta maganar mutane ba tarbiyya ba ce.

A watan Yunin 2024 Detroit ta ɗauki wani yaro, Ron Holland. Mai tsawo ya ce bai kai ba, mai alƙaluma ya ce bai iya jifa ba, ɗan kishin ƙasa ya duba sunan ya mayar da wayar. Dillali ne kaɗai ya ce ƙafafunsa lafiya lau. Kakar da ta biyo baya aka canza koci, muka ci wasa 44, muka shiga zagayen neman kofi, mai fatan faɗuwa ya daina gaisawa da ni. Rigar tana nan, wuyanta ya saki, kuma Alhaji ya ce tun ranar da na saye ta ya faɗa mini za ta yi albarka.