A Rage Adaidaita Sahu, Amma Ban Da Nawa

Babu abin da Kanawa suka yi ittifaƙi a kansa irin cewa Adaidaita Sahu ya yi yawa a gari. 'Yan siyasa ba sa ga maciji da juna, malamai kan saɓa a kan ganin wata, masu kallon ƙwallo kuwa ba a magana. Amma da zarar wani ya ce "ya kamata a rage 'yan sahun nan", sai majalisa ta amsa baki ɗaya. Rigimar tana farawa ne idan aka zo tambaya ta biyu: na wa za a fara cirewa daga titi?

A nan ne kowa zai tuna bai yi la'asar ba. Alhajin da ya fi kowa ɗaga murya, mai cewa yaran nan sun hana shi isa Kantin Kwari a kan lokaci, uku gare shi a kan hanya, kullum bayan isha'i ake kawo masa balas. Malamin makarantar da ya yi ritaya, ranar da garatutinsa ya fito bai zarce ko'ina ba sai wurin dillalin babura. Hajiya ta ɗauki adashi ta saya wa ƙaninta, ta ce ya riƙa juyawa. Shi kuwa ɗan siyasa, da safe ya yi jawabi a rediyo a kan cunkoso, da yamma ya kafa rumfa ya raba sababbi dal a matsayin tallafin matasa, kowanne da hotonsa a manne a baya yana murmushi. Duk gosulon da ka shiga tsakanin Bata da 'Yankura, daure ka duba bayan baburan da suka tare ka, za ka ga fuskokin waɗanda suka yi alƙawarin magance shi.

Abin bai faro da haka ba. A zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau aka kawo baburan a 2005, domin mata su samu abin hawa su huta da hawa bayan ɗan acaɓa. Sai ga shi a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. 'Yan acaɓa ba su koma gona ba. Ƙafa ɗaya kawai suka ƙara, suka yi rumfa, suka dawo titi da halinsu yadda yake. Tasi kuwa, wadda a da ita ce sarauniyar hanya, yanzu in ka tsaya jiran ta a Kabuga sai ka nemi kujera.

Hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, wadda aka kafa a 2012, ita ta gaji wannan kaya. Ta yi abin da hukumomi suka saba: rajista, lamba a jikin babur, sitika, rasit. Sai dai ba wa abu lamba daban, rage shi daban. Kowace sabuwar rajista kuɗin shiga ce, kuma ban taɓa jin labarin mai awo da ya tsaya a bakin rumfarsa yana korar masu saye don sun yi yawa ba. A watan Fabrairun 2021 'yan sahu suka tafi yajin aiki saboda harajin naira 100 a kullum. A Janairun 2022 suka sake ajiye makulli saboda naira 8,000 ta sabunta takardar izini. Duka biyun a kan kuɗi aka yi su. Ba a taɓa rufe gari a kan adadi ba.

Waɗannan ranaku na yajin aiki su ne kaɗai lokacin da addu'ar Kanawa ta karɓu ɗari bisa ɗari. Titi ya zama fayau, ana hango Ƙofar Nassarawa daga nesa. Me ya biyo baya? Mutanen da jiya suke cewa a kwashe su duka, su ne aka gani suna sayyada daga Kurna zuwa Sabon Gari, gumi sharkaf, wasu sun ɗare bayan 'yar ƙurƙura tare da buhunan masara, suna tambaya: "Wai har yanzu gwamnati ba ta sasanta da bayin Allahn nan ba?" Jiya 'yan iska, yau bayin Allah. Tafiyar ƙasa tana gyara harshe.

An kuma gwada wasu dabarun. A watan Yulin 2022 aka hana su zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka sanar da hana su bin wasu manyan tituna, sai aka janye tun kafin mutane su gama haddace sunayen titunan. Zaɓe saura wata uku, kuma kowane ɗan sahu yana da katin zaɓe, da mata, da abokai a bakin inuwa.

Wasu garuruwan sun yi ta maza sun ƙayyade adadi. Birnin New York na Amurka ya yi haka tun 1937, ya tsayar da lambobin tasi a dubu goma sha uku da 'yan kai. Lambar ta yi ta tsada har ta haura dala miliyan ɗaya wajen 2013, sannan kamfanin Uber mai haɗa fasinja da direba ta waya ya yi ƙarfi, farashi ya rikito, waɗanda suka ci bashi suka saya suka shiga uku. Ku kwatanta a ce an yi haka a Kano. Kafin sati ya zagayo an buɗe layin dillalan lamba, ana sa ta a lefe, ana shari'ar gadonta a kotu, kuma lamba ɗaya za a gan ta a Hotoro da Rijiyar Lemo a lokaci guda, kowanne da rantsuwar tasa ce ta asali.

Ƙaramar hukuma fa? Tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon yanka wa keke, da amalanke, da baro, da kwalekwale lasisi, ya kuma ba ta kula da tashoshin mota. Shugaban ƙaramar hukumar Fagge yana da cikakken iko a kan duk kwalekwalen da ya ratsa Fagge, Allah ya taya shi riƙo. Shi kuwa ɗan sahu, kafin azahar ya keta Dala, ya leƙa Gwale, ya sauke fasinja a Tarauni, ya sha mai a Kumbotso. Wace ce a cikinsu za ta ce nata ne, ban da a ranar yankar rasit?

Saura mu fasinjoji, waɗanda laifi ya zame mana tudu. Mu ne muke tsayar da babur a tsakiyar shataletale. Mu ne masu cewa "Malam, ɗan bi ta hannun can mana, sauri nake", in an kama shi mu sauka mu kakkaɓe riga mu tsayar da na bayansa. Akwai wurin tsayawa taku ashirin a gaba, amma Hajiya ta ce sai dai a ƙofar shagon, in ba haka ba ba za ta biya cikakke ba. In aka ce mutum ya taka zuwa inda bas ke tsayawa ya jira minti goma, sai ka ji ana an raina talaka. Kowa yana son ya ɗaga hannu babur ya tsaya a gabansa nan take, kuma yana son titi ya zama babu kowa. Hukumar da za ta iya haɗa waɗannan biyun ba a kafa ta ba tukuna.

Don haka ga shawarata ga mahukunta, kyauta. Duk ranar da za a kira taron rage Adaidaita Sahu, a ajiye takarda a bakin ƙofa. Kowa ya rubuta nawa gare shi a titi, har da wanda aka saya da sunan uwargida da wanda aka ɓoye da sunan direba, ya kuma nuna wanda ya yafe. Wanda ya kawo makulli a ba shi kujerar gaba da lasifika. Sauran a ba su ruwan leda, su zauna a baya su yi shiru.