Zuwa ga Sarkin Ruwan Falo na Gwaram

Taubashina, Na-Gwaram, Sarkin Ruwan Falo, ya masu jiki? Ba iyali nake tambaya ba, su na san kalau suke tunda ba kai kake musu girki ba. Kifayen nan nake nufi, waɗanda ka kira ni ƙarfe 11 na dare kana yi mini kukansu kamar an yi rasuwa a dangi.

Jama'a ku tsaya ku ji. Mutumin da kogin Bunga yake wucewa ta ƙasarsu, shi ne ya hau mota, ya ratsa Birnin Kudu ko leƙo ni bai yi ba, ya je Kano ya sayo akwatin gilashi, wai shi ma zai ajiye kifin kallo a falo. Ya zuba jajayen kifin ƙawa guda 4. Da ya ga akwatin bai cika ba, rowa ta hana shi komawa Kano, sai ya gangara wurin masunta ya roƙo 'ya'yan tarwaɗa 2 da ƙurungu 3, ya antaya su ciki. Bayan sati uku jajayen suka koma 2, mazauna ƙasan akwatin kuma duk jiki ya yi rauni. Sai ya ce kambun baka ne. Wai ni na yi, ranar da na ce sun yi kyau ban ce masha Allah ba.

Haba ɗan Gwaggo! Je ka leƙa wancan mai gashin baki takwas da ya lafe a kusurwa kamar na Allah, shi ne mai kambun. Tarwaɗa duk abin da ya shiga bakinta abinci ne, har ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. Da dare take farauta, kana can kana munshari. Tambayi duk mai kiwonta a tankin siminti, zai faɗa maka dalilin da ya sa yake tace su a kai a kai, yana ware waɗanda suka yi saurin girma. Kifin da ake kiwo wata biyar zuwa shida ya kai kilo guda, shi ka haɗa ɗaki da ɗan kifin ƙawa. Kura da akuya a turke ɗaya, sannan kana neman wanda ya yi maka asiri.

Ƙurungu kuwa ban ga laifinsa ba, halinku ɗaya. Shi ba ya son komai sai lungun kansa inda zai wuni a duhu, ya fito da dare. Ka ba su gutsuren tulu ɗaya su uku, ga ƙaya a gadon baya, ga ƙaya a gefe biyu, yaya ba za a soki juna ba? Kai da ka yi wata guda ba ka magana da maƙwabcinka a kan inuwar darbejiya. Ƙara musu maɓoya, kowa da tasa har da rara, ko guntun bututun roba ne, ka ga in faɗan bai lafa ba. Kuma ka daina raina shi. Irinsa ake ɗauka daga Legas a jirgi, Turawan Ingila da Jamus suna saye da kuɗinsu.

Sai maganar ɗigo-ɗigon fari da ka ce ya fito musu kamar an barbaɗa gishiri. Wannan wata 'yar ƙwayar cuta ce mai maƙalewa a fata. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan akwati, ta rarrabu ɗaruruwa, su taso neman jiki. Wa za su fara samu? Mazauna ƙasa mana, ga rauni a jiki, ga sanyin hunturu ya kashe musu kuzari. Tana manne a fata magani ba ya taɓa ta, sai ta fito ruwa, shi ya sa ake jure jinyar kamar sati biyu. Kai kuwa ka fasa ja-da-yalo ka zazzage, ka koma kan tabarma kana jiran ikon Allah. Nemi maganinta na ainihi wurin masu kifin ƙawa, kuma ka rage awo, don tarwaɗa da ƙurungu fata ce zalla a jikinsu, magani mai ƙarfi yana jigata su.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Naka ragowar tuwon daren da kake zuba wa kifin ce ta tsamar da shi. Duk abin da ya ruɓe, da kashinsu, ƙasa yake kwanciya, a daidai hancin bayin Allahn nan. Kowane sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo daga can ƙasa, ka mayar da ruwan da ya kwana a ɗaki. Tsakuwar ginin da ka shimfiɗa ita ke cinye musu gashin baki. Yashi mai laushi yana nan a bakin kogi kyauta, na san wannan kalmar za ta yi maka daɗi.

Tarwaɗan nan biyu kuma, saboda zumunci, na yarda in ɗauke maka su. Ranar Asabar ina tafe da bokiti, uwargida ta riga ta jajjaga attaruhu. Ka haɗo mini da kuɗin sharar bara, ban manta ba.