Fistin Uku da Tukunyar Miya

Gadon da na samu daga Baba, Allah ya jiƙansa, gona ce da tantan. Gonar ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Tantan ɗin kuwa Massey Ferguson 135 ce, ja, irin tsofaffin da aka ƙera a Ingila, har ta girme ni. Yaran Gammo Hajiya Babba suke kiranta, don ba ta tashi sai an lallaɓa, wani lokacin ma sai an tura.

Bara, ana saura kaɗan ruwa ya sauka, ta fara hayaƙi kamar ana gasa kilishi, tana shan baƙin mai fiye da gas. Na ɗauko bakanike daga Kabo. Ya kwance kan injin, ya leƙa, ya yi salati.

"Malam, sai fistin uku da ringi da silib. Ka tafi da tsoho ɗaya a hannu, ka nuna musu."

Ni da na yi boko zan shiga birni rungume da tsohon ƙarfe? Na ce ya bari kawai. Na bi titin Gwarzo ta Rimin Gado da Kabuga har kasuwar Ƙofar Ruwa, na tsaya gaban wani shago na ce, "Massey, inji Perkins, silinda uku." Yaron shagon ya ce wacce? Na ce tsohuwa. Bai yi mini ƙarya ba, na tsohuwa ya ba ni.

Da na dawo bakanike ya ɗauki ɗaya ya shafa kansa da babban yatsa, ya dube ni yadda ake duban wanda aka aika sayen gishiri ya dawo da kanwa. Ashe Perkins mai silinda uku iri biyu ne. Faɗin fistin ɗaya ne, amma na 35, yayar tawa, kansa a shafe yake kamar faifai. Na 135 kuwa yana da rami a ka kamar ƙoƙo, don kai tsaye ake fesa gas a cikinsa. Kuɗin buhunan masarata sun tafi a kan rashin rami.

Na sauke girman kai na ce a kawo tsofaffin. Aka nema aka rasa. Na zargi yara da 'yan gwangwan, har na ɗaga murya. Sai na shiga cikin gida, na tarar da su su uku reras a madafa, tukunyar miyar kuka zaune a kansu tana tafasa.

"Malam, ai cewa ka yi sun mutu," in ji uwargida. "Kuma tsayinsu ɗaya, tukunya ba ta karkata."

Gaskiya ne, ban taɓa ganin murhu mai daidaito irin wannan ba. Sai da na jira miya ta nuna aka ba ni aron ɗaya.

Haka na koma Kano da fistin baƙi ƙirin a leda, yana ƙamshin daddawa. A cikin mota wata tsohuwa ta tambaye ni ko ƙulli nake kai wa 'yar makaranta. A kasuwar aka nuna mini wani dattijo a can lungu. Ya goge toka da gefen rigarsa, ya sa yatsa a ramin, ya shinshina.

"Ɗana, daina neman na 135. Nemi na 240, wadda ake haɗawa a Pakistan. Injinsu ɗaya ne. Amma wa ya dafa wannan?"

Na ce labarin da tsawo.

Kayan suka shiga daram. Hajiya Babba ta yi tari biyu ta tashi, yara suka yi ihu. Sai dai a lokacin maƙwabcina mai shanun huɗa har ya yi noman farko, kullum in ya wuce sai ya tambaye ni jikin Hajiya.

Sababbin fistin uku masu shafaffen kai suna nan a ƙarƙashin gadona, ko kwalinsu ban yar ba. Duk mai 35 a Gwarzo ko Kabo ya zo mu daidaita, kuma ya hanzarta, don uwargida ta fara tambayar tsayinsu.