A Bar Ruwan Wli Ya Sauko Da Kansa

A gabashin Gana, kusa da garin Hohoe a yankin Volta, dab da iyakar Togo, akwai matsirgar ruwan Wli, wadda ta fi kowace tsayi a ƙasar, kimanin mita 80. Hawa biyu ce. Ta ƙasa tafiyar minti 45 ce a inuwar kurmi, hanya shimfiɗaɗɗiya, ana tsallake kogin Agumatsa a kan ƙananan gadoji har mutum ya ji rugugin ruwa. Ta sama kuwa sai an yi sa'o'i ana hawan dutse da sanda a hannu, kuma kuɗinta ya fi na ƙasa. Ni dai matsayina a bayyane yake, kuma zan kare shi a gaban kowane matashi mai jakar goyo: mai hankali a ƙasa yake tsayawa. Hujjata ta farko ko ɗan makarantar allo zai gane ta. Ruwan da ake wahalar zuwa gani a sama shi ne dai zai sauko ya same ka a ƙasa, kuma ba a taɓa jin ranar da ya fasa ba.

A duba yadda hawan yake ƙarewa da irinmu, masu tumbi da kujerar ofis. Da safe mun sha koko da ƙosai a zangon Hohoe, mun sa farar riga saboda hoto, da sabon takalmi da bai san ƙafa ba tukuna. Ɗan jagora, wanda dole ne a ɗauka, yana gaba da silifas, yana tafe yana fito. Kafin a yi nisa kurmi ya nuna halinsa: iskarsa ta riga ta ƙoshi da ruwa, don haka gumi ba ya bushewa, sai dai ya gangara cikin ido. Saiwar da ka kama don ta cece ka ta tsinke a hannunka. Ka tsaya ka huta, ashe a kan layin kwarkwasa ka tsaya, ita kuwa ba ta cizo sai ta kai inda ba a sosawa a gaban jama'a. Duk lokacin da ka tambayi nisa, amsar ɗaya ce: “Saura kaɗan, Alhaji.” Saukowa ma ta fi muni, domin gwiwa ta gama aikinta tun a hawa, sai mutum mai iyali ya zauna a laka ya riƙa sulalowa da mazaunai, farar rigar nan ta koma kalar taɓo.

Masu hawa suna da amsa, kuma ba zan danne musu ita ba. Sukan ce motsa jiki ne. Gaskiya ne, amma tafiya zuwa ta ƙasa da dawowa awa ɗaya da rabi ce cur, kuma ban san likitan da ya ce lafiya ba ta samuwa sai an haɗa da targaɗe ba. Sukan ce daga sama ana hango duwatsun Togo da kwarin da ke ƙasa. Na yarda, sai dai wanda ya iso yana haki, idonsa na ganin taurari da tsakar rana, ban ga abin da zai hango ba. Abin kallon gaske ma a ƙasa yake: dubban jemagu masu cin 'ya'yan itace da ke maƙale a jikin dutsen, waɗanda in suka tashi sai sararin ya yi duhu, kuma sukan yi wa mai ɗaga kai baki buɗe kyautar da bai roƙa ba. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce wai wahala ke sa abu daɗi. Wannan magana sai a faɗa wa matar da ke hawa tudu da tulu a ka kullum safiya, a ji ko za ta biya kuɗin shiga.

Saura batun wanka. Wani zai ce ai tafkin ƙasa ma ba a rasa haɗari, kuma a nan ba ni da wasa. A watan Maris na 2017 iska ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka a wata matsirga ta daban, ta Kintampo, mutum kusan 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta. Ruwan Wli daga tsaunukan Togo yake fitowa, ana iya tafka ruwan sama can kogi ya ƙaru nan. Amma wannan ma ni yake goya wa baya. In hadari ya haɗo, na ƙasa yana da hanya miƙaƙƙiya zuwa gari, na sama kuwa yana da gangare mai santsi da gwiwa biyu masu rawa. Shi ya sa nake shiga ruwa iya gwiwa, in bar feshin ya jiƙa ni, in sa yaro ya ɗauke ni hoto daga ƙasa yadda dutsen zai fito da tsayinsa. In an tura wa 'yan gida a WhatsApp, babu wanda zai tambaya ta sama ce ko ta ƙasa.