Yadda Ake Mallakar Motar da Ba Mai Aron Ta

Damuwar mai mota a ƙasar Hausa uku ce: mai, bakanike, da mai aro. Farashin mai ba a hannunsa yake ba, bakanike kuwa ana iya sauya shi. Mai aro ne ya gagara, domin ba baƙo ba ne. Ƙanin matarka ne, ko ɗan liman, ko abokin da kuka yi makarantar allo tare, ya zo da sallama da fara'a yana cewa, "Yaya, nan da Zariya ne kawai, kafin la'asar na dawo." Masu ƙera motocin zamani sun ƙara dagula lamarin, don sun mai da tuƙi abin da kowa ke iyawa: ka danna maɓalli ta tashi, ka ja giya sau ɗaya ta kama hanya. Saboda haka shawarata ga mai son zaman lafiya da dangi, yana kuma son motarsa ta kwana a gida, ita ce ya nemi tsohuwa. Abubuwan ban mamakin da aka cusa wa motocin da, waɗanda samari ke yi wa dariya, kowannensu shinge ne tsakanin makullinka da hannun mai aro, kuma ba sai ka buɗe baki ka ce a'a ba.

Ka fara da tayarwa, don a nan ake zubar da rabin masu aro. Ka tabbata motar da za ka saya mai kafireta ce, kuma tana da cok na hannu, wato ɗan maɓallin nan da ake ja a jikin dashbod. Aikinsa rage iskar da ke shiga kafireta domin fetur ya fi yawa a cakuɗen, abin da inji mai sanyi ke buƙata da sassafe, musamman a hunturu. Ana jan sa, a tayar, sannan a riƙa mayar da shi sannu a hankali yayin da inji ke ɗaukar zafi. Yaron da ya koyi tuƙi jiya ba zai ja ba, zai yi ta murɗa makulli yana tattaka totur har fetur ya jiƙa fulogi, batir ya gaji. In kuwa ya ja ya manta bai mayar ba, zai bar unguwa da baƙin hayaƙi, tanki yana zurarewa a banza. Maganin fulogin da ya jiƙe shi ne a mayar da cok, a danne totur har ƙasa a riƙe, a sake murɗa makulli. Wannan sirri ne, kada ka faɗa a majalisa. In Allah ya sa ka samu wadda ke da rami a hanci inda ake zura ƙarfe a murɗa inji da hannu, to ka more. Kamfanin Cadillac ya kawo tayarwa da lantarki tun 1912, amma Citroën 2CV ta ci gaba da zuwa da ƙarfenta har aka daina ƙera ta a 1990. Ka nuna wa mai aro ƙarfen, ka yi masa nasiha cewa ba a naɗe babban yatsa a jikinsa, domin in inji ya mayar da bugu yakan karya yatsa ko wuyan hannu. Gaskiya ce tsantsa, kuma a nan mutane da yawa kan tuna cewa ashe akwai motar haya a tasha.

Wanda ya tsallake wannan sai giya ta tare shi. A Peugeot 404 sandar giya a jikin sitiyari take, hannun mai aro zai yi ta lalube a tsakanin kujeru yana kamo iska. A 2CV daga cikin dashbod sandar ta fito, ana tura ta ciki, a jawo ta waje, a murɗa hagu da dama. A Volkswagen Beetle ba ta shiga ribas sai an danna sandar ƙasa tukuna, don haka ka riƙa ajiye ta hancinta na kallon katanga. In kana son ƙari, ka nemi wadda aka shigo da ita Nijeriya kafin 2 ga Afrilu 1972, ranar da ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama. Sitiyarin irin waɗannan yana gefen dama, wanda ke nufin direba ba ya ganin abin da ke tahowa in zai wuce tirela sai ya tambayi na zaune kusa da shi. Maɓallin rage hasken fitila ma a motoci da yawa na wancan zamani a ƙasa yake, kusa da kuloci, ana taka shi da ƙafar hagu. Mai aron da dare ya riska zai kashe wa duk direbobin hanya ido, su kuma su saka masa da irin addu'ar da ta dace.

Batun mai ya fi kowanne daɗi, domin tsohuwar al'adar mai aro ce ya karɓi mota da rabin tanki ya dawo da ita tana haki. Beetle ta yi shekaru ba ta da agogon mai, sai a farkon shekarun 1960 aka sa mata. Abin da take da shi wata ƴar sanda ce can ƙasa wajen ƙafar direba. In inji ya fara tari, sai a juya ta, ta saki ajiyar kusan lita 5 da za ta kai ka gidan mai. Kai ka san da ita, shi bai sani ba, kuma ba a ga inda aka wajabta wa mai mota karantarwa ba. In ya lallaɓa ya isa gidan mai, saura neman murfin tanki. A tsofaffin Beetle sai an buɗe bonet na gaba, inda yake zaton inji yake, alhali injin yana baya, kuma iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireton da za a zuba wa ruwa. Chevrolet ta 1956 ta ɓoye nata murfin a bayan fitilar baya ta hagu, wasu kuma a bayan lambar mota. Trabant ta Jamus ta Gabas sanda ake tsoma wa a tanki a ga inda mai ya kai, sannan a haɗa fetur da man inji da hannu. Batirin Beetle kuma a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma in murfinsa ya ɓace, mutum mai jiki ya zauna, wayoyin kujera na iya taɓa kawunan batir su tayar da wuta. Ka gyara murfin, amma ka ci gaba da ba da labarin, musamman in an ce ƴan kai amarya za a ɗauka.

Damina ma tana gefenka. Waifar motocin Amurka da yawa na da ba da lantarki take aiki ba, da zuƙar iskar inji take yi, don haka in ka taka totur kana hawan tudu, lokacin da ka fi buƙatar gani, sai ta yi sanyi ko ta tsaya cak. A 2CV ta farko da wayar agogon gudu aka haɗa ta: mota na gudu tana gudu, mota ta tsaya ta tsaya, sai a murɗa da hannu. A wasu tsofaffin Beetle ruwan wanke gilashi da iskar safaya taya ake feso shi, ga ƴar roba ta taho daga tayar zuwa robar ruwa. Injiniyoyin sun sa abin da ke tsayar da fesar kafin tayar ta sace gaba ɗaya, amma wannan ma ba dole ba ne mai aro ya ji.

Sarauniyar wannan fanni ita ce Citroën DS, wadda ta fito a 1955. Ba ta da sifirin irin na sauran motoci, a kan matsin mai da iskar gas take tsaye. In ta kwana a ajiye sai matsin ya sauka, ta durƙusa har cikinta ya kusa taɓa ƙasa, duk wanda ya gan ta ya ce maka sannu da asara. In ka tayar sai ka jira ta miƙe kamar raƙumi, baya tukuna sannan gaba. A madadin fedar burki wani ɗan dunƙulen roba ne a ƙasa, wanda ɗan taɓawa ke isa, baƙo kuwa zai taka shi da ƙarfin da ya saba, goshinsa ya gaisa da gilashi. Canjin taya ma ba da jak irin wanda aka sani ake yi ba: ana ɗaga motar da kanta, a kafa mata tokare, a sauke ta, ƙafar ta rataye. Kada wannan ya sa ka raina ta. A cikin DS shugaban Faransa Charles de Gaulle ya tsira a watan Agusta 1962 a Petit-Clamart, bayan ƴan bindiga sun fasa mata tayoyi, direba ya ci gaba da gudu. In kuma kana son wuce gona da iri, akwai 2CV Sahara mai inji biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kowanne da makullinsa. Ba a ƙera ko 700 ba, amma mai ita yana iya ba da makulli ɗaya cikin mutunci ya riƙe ɗaya.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, ba sai ka ce ba za ka bayar ba? Mai wannan magana bai taɓa zama da surukai ba. A'a ɗaya takan kai gidan su uwargida kafin magariba, ta dawo ta zama rowa, rowa ta zama wulaƙanci. Cewa ta lalace ma ba mafita ba ce, gobe da safe za a gan ka a ciki, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Fa'idar tsohuwar mota ita ce tana ba ka damar hanawa ta hanyar bayarwa. Ka miƙa makulli da hannu biyu, ka ce ai motarka ce, sannan ka fara bayani daga cok zuwa ribas zuwa burkin da sai an bubbuga sau biyu. Kafin ka kai kan waifa zai dawo maka da makulli yana godiya, ya fita yana yabon kirkinka.

Wani kuma zai ce ai motocin da suna da kayan alatu da za su jawo mutane maimakon su kore su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa zaɓi ke buƙatar hankali. Chrysler ta sa garmaho a mota a 1956, amma faifai na musamman kawai yake karɓa, ba wanda ke kasuwa ba, kuma bai yi tsawon rai ba. Cadillac Eldorado Brougham ta 1957 ta zo da ƙananan kofuna masu maganaɗisu a gindi da kwalbar turare, kuɗinta ya haura dala 13,000, kuma wanda ke da irin wannan ba shawarata yake nema ba. Akwai kuma wani bututu da ake ratayawa a taga a zuba masa ruwa, iska ta bi ta ciki ta yi sanyi. Yana aiki a busasshiyar iska, amma da damina sai dai ya ƙara maka gumi. Abin gudu na ainihi guda biyu ne. Na farko doguwar kujerar gaba wadda ba rabe take ba, domin mai ido da lissafi zai ga wurin mutum huɗu. Na biyu, kuma ina faɗin haka da girmamawa, Peugeot 504. An harhaɗa ta a Kaduna tun daga 1975 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, babu garejin da bai san cikinta ba, babu dattijon da bai taɓa tuƙa ta ba, ga wagon ɗinta mai layin kujeru uku. Mota ce ta kirki, kuma kirkin nan ne zai sa ta halarci kowane biki da suna a danginku ba tare da kai ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na tsaro, kuma ba zan yi masa raha ba sosai. Masu cewa ƙarfen da ya fi na yanzu ƙwari su tuna da gwajin da wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta yi a 2009, inda aka gwara Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009. Ɗakin direban tsohuwar ne ya murƙushe, na sabuwar ya tsaya. Bel mai kama kafaɗa da ƙugu ma sai a 1959 Volvo ta fara sa shi, daga ƙirar injiniya Nils Bohlin, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya game sauran motoci. Don haka ka sa mata bel, ka gyara burki da gaske, ka tsaya a cikin gari, daga gida zuwa masallaci zuwa kasuwa. Babbar hanya ba wurinta ba ne. Wannan ma hujja ce a hannunka, don mai aro kullum tafiyar nesa gare shi.

Saura mutum ɗaya da babu dabarar da ke cin sa: tsohon direba, irin wanda ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Maiduguri kafin ya ajiye aiki. In shi ne surukinka, duk bayanin nan ya tashi a banza. Zai katse ka a tsakiyar karatun cok, ya ja shi daidai rabi, ya tayar da ita a murɗa ɗaya, ya kasa kunne ya ce kwantak ɗinta ya buɗe da yawa. Wannan ka ce, "Baba, ga makulli," ka koma ciki. Zai dawo da ita bayan kwana uku tanki babu ko ɗigo, amma inji na kaɗawa lafiya lau, kuma zai shaida wa ƴarsa a gabanka cewa da ma kashe motar kake yi.