Ijarar Mota a Birnin Duwala

Tun a shekarar 1914, lokacin da Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wuri, suka rataye sarkinsu Rudolf Duwala Manga Bel saboda ya ƙi yarda, suka kuma yanka wata unguwa can baya, nesa da gidajen Turawa, aka sa mata suna Niyu Bel, baƙi suke ta kwarara cikinta, har ta zama matattarar Hausawa, da masallatansu, da mahautansu, da masu tsirensu. A wannan unguwa kawuna ya sauka yana saurayi, a cikinta ya tsufa yana sayar da yadi a Kasuwar Kongo, kuma shi ne ya yi ta aiko mini da saƙo cewa zumunta a ƙafa take, har Allah ya nufa na sami hutu, na ɗauki uwargida muka nufi Kamaru. Ita kuwa sharaɗi guda ta gindaya, wato a kai ta Kiribi ta ga Baharul Muhiɗi da idonta, domin ta ji a can ne kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu ya faɗa cikin teku.

Da na bayyana wa Kawu niyyata ta ɗaukar hayar mota in tuƙa da kaina, sai ya ajiye carbi, ya yi mini duban tausayi, ya ce, "Ɗana, a garin nan mai hankali in ya yi hayar mota da direbanta yake haɗawa, wanda ya fi shi hankali kuwa babur yake hawa." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, mutumin da ya ratsa 'Yan Kura ranar jajiberin Salla ya fito da madubinsa biyu cif, wane titi ne zai ba shi tsoro? Balle hannun tuƙinmu ɗaya da su tun 1972, da Nijeriya ta koma dama." Ya ce, "To, Allah ya sa a dace," ya ci gaba da lazimi.

Ofishin masu hayar a unguwar Akwa yake. Na zaro damin sefa da wani abokin cinikina Bamaradiye ya biya ni bashi da su, na dangwara a tebur, akawu ya sa yatsa guda ya turo mini abina. A nan na sami ilmin cewa sefa biyu ce, ta Yamma da ta Tsakiya, kuma ko da yake ƙimarsu ɗaya, duka an ɗaure su a kan 655.957 kowane yuro guda, wannan ba ta cin kasuwar waccan. Bayan 'yan canji sun yagi rabonsu, aka kawo takardar yarjejeniya da Faransanci, ɗan Kawu da ke yi mini tafinta ya karanta layin farko, ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, sauran duk magana ɗaya ce, in ta lalace kai ne." Ni kuwa, da ɗan abin da na tsinta a zauren malaminmu na Risala, na san a mazhabar Imamu Malik mai haya amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya halaka a hannunsa sai fa in ya yi ta'addi ko sakaci. Na sa yaro ya fassara wannan hukunci daki-daki, akawu ya saurara cikin ladabi har ƙarshe, sa'an nan ya nemi kuɗin jingina, waɗanda suka fi kuɗin hayar yawa. Daga nan muka kewaya motar yana yin alama a zanenta duk inda ya ga tabo, har takarda ta cika bai gama ba, abin da ya kwantar mini da hankali, domin na ga ko na so in ƙara mata wani, babu wurin sa shi.

Ina fitowa titi 'yan acaɓa, waɗanda can ake kira bensikin, suka rufe ni kamar fari a gonar gero, ta dama da hagu, wani ma ya dafa bonet ɗina ya gyara takalminsa ya wuce. Da kyar na kai Niyu Bel, inda na tarar lungun gidan Kawu bai kai faɗin motar ba, dole na ajiye ta kusa da masallaci, na ɗauki mai gadi da kuɗina, kuma duk da haka nakan farka tsakar dare in je in gadi mai gadin.

Kafin sallar Isha'i labari ya game unguwa cewa baƙon Alhaji ya zo da mota, kuma ba shi da aikin yi. Tun daga asuba ake sallama. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, Asibitin Lakantini za ka ajiye ni, ai hanya ce," alhali ban ce zan je ko'ina ba. Na kai lefe Bonaberi, na haye gadar Wuri da akwatuna a kaina da mata masu guɗa a bayana, na kai almajirai sauka, na ɗauko wa maƙwabcin Kawu ragon suna, wanda ya zauna a kujerar baya, ya ci rabin sosonta, ya kuma yi abin da raguna kan yi in sun ƙoshi. Kowa ya biya ni da addu'a, wadda ba na rainawa ko kaɗan, illa dai gidan mai ba ya karɓa. Ga shi watan Agusta ne, a garin da ruwan shekararsa ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Wani dare aka kwana ana sheƙawa, gari ya waye motar tana tsaye cikin ruwa har ƙofa, mai gadi yana kan rufinta da lema, samarin unguwa kuma suka ciccibo ta tudu bayan mun yi ciniki.

Ranar tafiya Kiribi muka fita da hantsi. Kawu ya yi mini kwatance mai sauƙi: in nufi gabas, in haye kogin Dibamba, in kai Edeya a bakin Sanaga, in karya kudu, in kuma tanadi sefa 500 ta kowane shingen biyan kuɗin hanya. Amma wata tirela mai ɗauke da gungumen katako ta kore ni daga layina, ban ankara ba sai ga ni a shataletalen Daido, inda wani gunki yake tsaye da ƙafa ɗaya, wanda Joseph-Francis Sumégné ya ƙera a 1996 da tarkacen ƙarafa da kayan motoci. Uwargida ta ce da ganinsa da motocin irina aka haɗa shi. Na yi ta kewaya shi ina neman mafita, har ta ce ya isa haka, sun saba. Mafitar da na samu kuwa ita ta kai mu Ndokoti, mahaɗar da ba a shiga da alƙawari a baki, inda muka tsaya cik har rana ta yi zawali.

Can uwargida, wadda ta yi Islamiyya, ta ce, "Malam, kasaru za mu yi?" Na yi nazari, na ga nisan Kiribi ya haura baridi huɗu, wato mil 48, saboda haka sharaɗin tafiya ya cika, sai dai matafiyi ba ya fara kasaru sai ya wuce gine-ginen gari, mu kuwa ko inuwarsu ba mu fita ba. Muka cika Azahar, muka cika La'asar, Magariba kuwa a ƙofar gidan Kawu muka yi ta. Da ya sallame ya ce, "Sannunku da zuwa. Ya teku?"

Wajen mayar da mota na roƙi Kawu ya raka ni don ya zama shaida. Akawu ya kewaya ta da takardarsa, ya gano sabon tabo a tsakanin tsofaffi biyu, abin da har yau nake jinjina masa a kai, sa'an nan ya buɗe ƙofar baya, ya ja da baya ya toshe hanci. Na sake ɗauko mas'alar amana, na juya ga shaidana, shi kuwa ya gyara murya ya ce, "Ɗana, gaskiya ɗaya ce. Wanda ya yi hayar abin hawa don mutane ya ɗora rago, ya yi ta'addi, lamuni ya hau kansa." Haka kuɗin jingina suka tafi da fatawar kawuna, akawu har yana yi masa godiya.

Kiribi kuwa a bas muka je, na yi barci tun daga Dibamba. Uwargida ta tsaya bakin teku ta dube shi da kyau, ta ce ashe ruwa ne kawai, ai irinsa ta gani a ƙofar masallaci. Shi ko maƙwabcin Kawu, saboda jin daɗin ɗawainiyar rago, sai ya raɗa wa jaririn sunana, a unguwa ana kiransa Maimota, kuma duk Salla ni ke aika masa da ɗinki.